Ina Sauran Gurbin Filashinka Ya Tafi?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Idan kana Gatawa a lokacin, ka san darajar abin da ke cikin memori ko filash: wa'azi, karatu, hotunan takardu. To ka ɗauka filashinka mai giga 64 ne, ka ba wani aro ya ɗora Windows a kwamfutarsa, ya dawo maka da shi yana nuna giga 32 kacal. Ina sauran?

Yana nan, bai je ko'ina ba. Tushen lamarin ya girmi filash ɗin kansa. A 1983 kamfanin IBM ya fito da tsarin da ake kira MBR, wani ɗan rubutu a farkon faifan ajiya mai faɗa wa kwamfuta inda kowane kashi ya fara da inda ya ƙare, kamar dai yadda dattijo ke nuna iyakar gandu da gayauna. Da filash ya shigo kasuwa a 2000, da gurbin megabait 8, sai ya gaji wannan tsari. Manhajar ɗora Windows takan yanki giga 32 ta yi masa iyaka, ta bar sauran fili babu mai shi. Abin haushi kuma, har zuwa 2017 Windows kashi ɗaya kawai take nunawa a filash, ko nawa aka raba shi.

Gyaran ba wuya, amma fa yana share komai, don haka kwashe kayanka tukuna. Buɗe diskpart, rubuta list disk, ka duba lambar filash ɗin da kyau, domin in ka zaɓi faifan kwamfutar, shi za ka share. Sai select disk da lambar, sai clean, sai create partition primary, sannan ka yi masa fomatin.

Kada ka sa ran ganin 64 cif. Masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows da 1024, shi ya sa za ka ga 59 da ɗoriya ko ƙasa da haka kaɗan.

Jabu kuwa wata magana ce. An koya masa ƙarya ne: ya ce 64 alhali 8 ne cikinsa, yana karɓar fayil yana lalatawa. Wannan fomatin ba ya gyara shi. Manhajar H2testw takan cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa.