Tiyatar Ƙwaƙwalwa da Laka: Abin da Gwaje-gwajen Asibiti Suka Tabbatar, da Matsayin Suleja

Tiyatar ƙwaƙwalwa da laka reshe ne na aikin likita da ke kula da abin da ke cikin ƙoƙon kai, da kuma jijiyar nan mai kauri da ta ratsa tsakiyar ƙashin baya, wadda ake kira laka. Larurorin da ke kai mutum hannun likitan wannan fanni suna da yawa: buguwar kai, karayar wuya ko gadon baya, ƙari a ƙwaƙwalwa, taruwar ruwa a kan jarirai, tarin fuka da ya kama ƙashin baya, da sauransu. Abin da ya haɗa su duka shi ne naman ƙwaƙwalwa da na laka ba ya sake tofowa idan ya mutu. Saboda haka galibin aikin likitan ceto ne na abin da bai riga ya lalace ba, kuma hakan ya sa lokaci yake da muhimmanci a wannan fanni fiye da yawancin fannonin tiyata.

Batun ya shafi Suleja kai tsaye. Garin yana bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda ta biyo ta Zuba da Madalla ta wuce Tafa, kuma a mahaɗar Dikko ne hanyar Minna ta rabu da ita. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suna kwana a Suleja su wayi gari a Abuja, tirela da tankar mai da motocin haya da babura duk a kan kwalta guda. Wanda ya bugu a kai ko ya karye a wuya a wannan yanki, akan fara kai shi asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi manyan asibitocin Birnin Tarayya, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke cikin birnin Abuja. Idan aka kwatanta da ƙauyukan da ke can cikin Jihar Neja, Suleja tana kusa da masu wannan aiki. Sai dai kusancin hanya bai hana a ɓata sa'o'i wajen neman mota, haɗa kuɗin hoto da jiran gado ba.

Tarihin fannin a Nijeriya

A 1962 ne Farfesa Latunde Odeku, wanda ya ƙware a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ya rasu a 1974, Farfesa Adelola Adeloye ya ci gaba da aikin. A Arewa, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke tafiya da nata, ta horar da likitoci da dama da suka bazu zuwa wasu jihohi. Akwai kuma sassan wannan aiki a Shika ta Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano, yayin da Asibitin Ƙashi na Dala ke karɓar masu larurar ƙashin baya. Duk da haka ƙwararrun ba su wadata ba: kowane likitan tiyatar ƙwaƙwalwa guda a Nijeriya yana fuskantar fiye da mutum miliyan ɗaya.

Yadda ake gane aikin da ke da amfani

Likita zai iya yin shekara ashirin yana bin wata hanya, wasu majinyata su warke, ya ɗauka hanyar ce ta warkar da su. Domin kauce wa wannan ruɗi, masu bincike kan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa gida ɗaya aikin ko a ba shi maganin, ɗayan kuma a bi da shi ta hanyar da aka saba, sannan a ƙirga sakamakon bayan watanni. Galibi ba a shigar da mutum sai da yardarsa ko ta danginsa, kuma kwamitin ɗa'a ne ke amincewa da tsarin tun kafin a fara.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan tsari shi ne gwajin CRASH. Likitoci sun shafe shekaru fiye da talatin suna yi wa masu buguwar kai allurar sitiroyid, bisa tunanin tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Da aka gwada ta a kan mutum 10,008 a ƙasashe 49, sai aka tsayar da gwajin a 2004 tun kafin ya kai ƙarshe. Cikin mako biyu, kashi 21.1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun rasu, alhali a ɗaya gidan kashi 17.9 ne. Ashe maganin da ake ganin rahama ne yana ƙara kisa.

Jini a cikin ƙoƙon kai

Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya miƙewa. Idan jijiyar jini ta fashe a ciki, jinin da ya taru ba shi da mafita sai ya danne ƙwaƙwalwa. Akwai wani nau'i mai yaudara: mutum ya faɗi daga babur, ya ɗan suma, ya farfaɗo ya yi magana har ya tafi gida da ƙafarsa, bayan 'yan sa'o'i kuma ya soma amai da ciwon kai mai tsanani, barci ya rinjaye shi, ba a iya tashe shi. A irin wannan hali buɗe ƙoƙon kai a kwashe jinin yana iya mayar da mutum lafiyarsa sarai, muddin an yi shi da wuri. Likitoci na auna zurfin suma da ma'aunin Gilasgo, wanda aka fito da shi a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15, kuma hoton siti-sikan ne ke nuna inda jinin yake.

Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 1981 a kan majinyata 82 ya gano cewa waɗanda aka kwashe wa jini cikin sa'a huɗu, kashi 30 cikin 100 ne suka rasu, waɗanda aka yi wa bayan haka kuwa kashi 90. Nazarin ƙarami ne, kuma waɗanda suka biyo bayansa ba su sami tazara mai faɗi haka ba, amma ya kafa ƙa'idar gaggawa da ake bi har yau.

Gwajin CRASH-3, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga, ya ƙara haske ta wata fuska. An wallafa shi a 2019, ya ƙunshi mutum 12,737 a ƙasashe 29, kuma ya gwada allurar taranekzamik asid, magani mai araha da ke rage zubar jini. A cikin masu buguwa mai sauƙi ko matsakaiciya da aka yi wa allurar cikin sa'a uku, mutuwa ta sauko daga kashi 7.5 zuwa 5.8 cikin 100. Masu buguwa mafi muni ba su amfana a fili ba. Wannan sakamako ya fi dacewa da garuruwa irin Suleja, domin allura ce da asibitin farko zai iya yi kafin a ɗauki majinyaci zuwa Gwagwalada ko Abuja.

Akwai kuma aikin da sakamakonsa yake da wuyar haɗiyewa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura har magani ya gaza, likita kan cire wani babban yanki na ƙoƙon kai domin ta sami sarari, a mayar da shi bayan watanni. Gwajin RESCUEicp na 2016, a kan mutum 408, ya nuna cewa aikin yana ceton rai ƙwarai: bayan wata shida, kashi 26.9 cikin 100 ne suka rasu a cikin waɗanda aka yi wa, saɓanin kashi 48.9 a ɗaya gidan. Amma waɗanda suka rayu ba su san inda kansu yake ba sun ƙaru daga kashi 2.1 zuwa 8.5, haka ma masu naƙasa mai tsanani sun ƙaru. Ma'ana, daga cikin rayukan da aka ceto akwai waɗanda za su ƙare kwanakinsu a kwance, sai an ciyar da su an juya su. A ƙasar da iyali ne ke ɗauke da jinya da kuɗinta, haƙƙin dangi ne a faɗa musu wannan ɓangare na lissafin kafin su sa hannu a takarda, ko da lokacin ya ƙure.

Dattawa suna da tasu larurar. Tsoho kan yi tuntuɓe ya bugi kai, a manta da zancen, bayan makonni ya soma mantuwa, tafiyarsa ta karkace, ɓarin jikinsa ya yi rauni. Sau da yawa akan ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ma a danganta abin ga iska. Alhali tsohon jini ne ya taru a hankali a saman ƙwaƙwalwa, kuma ƙaramin rami da za a huda a ƙoƙon kai ya isa ya fitar da shi. Wani gwaji da aka yi a Kambirij ta Ingila, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa barin siririn bututu na ɗan lokaci bayan hudawar yana rage dawowar jinin daga kashi 24 zuwa 9.3 cikin 100. Yana cikin ayyukan da suka fi sauƙi da kyakkyawan sakamako a fannin baki ɗaya.

Wuya da gadon baya

Idan ƙashin wuya ya goce ya danne laka, tambayar da aka daɗe ana muhawara a kanta ita ce ko gaggauta tiyata na da amfani. Nazarin STASCIS na 2012, a kan mutum 313 a Amurka da Kanada, ya gano cewa kashi 19.8 cikin 100 na waɗanda aka ɗauke wa dannin cikin sa'a 24 sun sami ci gaba mai yawa bayan wata shida, waɗanda aka jinkirta wa kuwa kashi 8.8. Ba a raba majinyatan ta ƙuri'a ba, don haka hujjar ba ta kai ƙarfin ta CRASH ba, amma yawancin ƙa'idojin aiki na yau sun karkata ga sa'a 24. Ya kamata a lura da girman adadin: ko da an yi komai a kan kari, mutum ɗaya cikin biyar ne ya sami irin wannan ci gaba. Laka da ta tsinke gaba ɗaya babu tiyatar da ke haɗa ta.

Shi ya sa abin da ke faruwa a bakin titi yake da nauyi. Masu taimako, da kyakkyawar niyya, sukan ciccibi wanda ya yi haɗari hannu da ƙafa, kansa na lilo, su cusa shi a kujerar baya ko a Keke Napep. Ƙashin da ya karye amma bai taɓa laka ba yana iya taɓa ta a wannan ɗauka. Abin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne a riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora mutum a kan abu mai tauri kamar faifan katako ko ƙyauren ƙofa, a juya jikinsa gaba ɗaya lokaci guda. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da lambar gaggawa ta 122. Ɗori kuwa, duk da matsayinsa a al'ada, ja da murza a wuya ko gadon baya na iya gurgunta mutum har abada.

Ba kowane ciwon baya ke buƙatar wuƙa ba. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2007, a kan mutum 283 masu zamewar faifan ƙashin baya da ke harba zafi zuwa ƙafa, ya nuna cewa tiyata na kawo sauƙi da wuri, amma bayan shekara guda gidajen biyu sun yi kusan daidai. Gaggawa tana tasowa ne idan ƙafa na ƙara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa. Haka nan tarin fukan ƙashin baya, mai sa ƙusumbi: gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1960 a Koriya, Bulawayo, Hon Kon da Madaras sun nuna cewa yawancin masu shi magungunan tarin fuka ne ke warkar da su, tiyata kuma ta zama ta waɗanda lakarsu ke cikin haɗari ko ƙashinsu ke rushewa.

Jarirai masu ruwa a kai

A wannan ɓangare Afirka ce ta koyar da duniya. Jaririn da ruwa ya taru a ƙwaƙwalwarsa kansa na girma fiye da kima, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa su karkata ƙasa. Maganin da aka saba shi ne a dasa bututu ƙarƙashin fata ya kwashe ruwan zuwa ciki, amma bututun kan toshe ko ƙwayar cuta ta kama shi, kuma toshewarsa a wurin da babu likita kusa na iya zama ajali. Dakta Benjamin Warf, da ya yi aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda a farkon shekarun 2000, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na yaran da yake gani ƙwayar cuta ce ta kama su bayan haihuwa ta jawo larurar. Ya kuma nuna a 2005 cewa bututun Chhabra na Indiya, mai kimanin dala 35, yana aiki daidai da wani na Amurka mai dala 650.

Daga nan ya haɗa dabaru biyu da ake yi da siririyar kyamara: a huda wa ruwan sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwa, a kuma ƙone wani sashe na naman da ke samar da shi, ba tare da an bar bututu a jiki ba. Gwajin ƙuri'a da aka yi a Mbale a kan jarirai 100, aka wallafa a 2017, bai sami bambanci mai ƙarfi ba tsakanin wannan hanya da bututu ta fuskar bunƙasar fahimtar yaro bayan shekara guda. Ga iyalin da ke zaune nesa da babban asibiti, hanyar da ba ta ɗaure yaro da bututu tsawon rayuwa tana da fifiko idan yanayin ƙwaƙwalwarsa ya dace da ita.

Larurar na yawan zuwa tare da tsagewar ƙashin baya, wato a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, lakarsa a buɗe. Akan rufe wurin da tiyata cikin kwanakin farko domin hana ƙwayar cuta shiga, amma rufewar ba ta dawo da ƙarfin ƙafar da aka riga aka rasa. Wani gwaji na Birtaniya da aka wallafa a 1991 ya nuna cewa ƙwayar folik asid ta rage sake aukuwar larurar da kashi 72 cikin 100 a matan da suka taɓa ɗaukar cikin irin wannan jariri. Laka tana rufewa ne cikin mako huɗu na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba, don haka shawarar likitoci ita ce mace ta fara shan ƙwayar tun kafin ta ɗauki ciki, ba sai ranar da ta fara zuwa awo ba.