MARIO YA CIKA 40: YADDA KIƊAN GEM YA KOMA BAKIN MASU BUSA SAKSOFON

Shekaranjiya na ɗora wani ɗan bidiyo a nan, wasu samari suna yin kiɗan Super Mario da saksofon da fiyano da ganga. Kafin in juya, wani abokina ya rubuto: "Haba Malam, da furfurarka kake sauraren kiɗan gem, ƙasa na cikin wannan hali?" Na yi dariya, na ce zan ba shi amsa a tsanake. To ga ta nan. Doguwa ce, mai sauri ya ajiye ta sai dare. Kuma tun farko, ban zo kan hukuncin kiɗa ba, wannan fagen malamai ne. Tarihi na zo bayarwa.

Duk wanda ya tashi a birni a shekarun 1990 ya san gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa. A jikin kaset a rubuta maka wasa dubu tara da ɗoriya, ka kunna ka tarar ba su wuce goma ba, maimaita su kawai aka yi. In ya ƙi tashi a zare shi, a hura masa iska, a mayar. Mu takwas a kan hannu biyu, kowa na addu'ar na gabansa ya faɗa rami kafin a ɗauke wuta. A lokacin ba mu san cewa injin nan kwaikwayo ne ba, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a Taiwan da China. Na asalin sunansa Famicom, kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a 1983. Shi kuwa Super Mario Bros. ya fito ran 13 ga Satumba, 1985, shi ya sa a 2025 aka yi ta bikin cikarsa shekara 40.

Abin da bai taɓa zuwa raina ba a lokacin shi ne, wai mutum ne ya zauna ya tsara kiɗan. Ni dai na ɗauka kukan inji ne, kamar ƙarar agogo.

Mutumin sunansa Koji Kondo, haifaffen Nagoya a 1961. Tun yana ƙarami ya koyi kaɗa ogan na lantarki, Nintendo ta ɗauke shi aiki a 1984. Ka dubi abin da aka ba shi ya yi aiki da shi. Injin Famicom maƙogwaro biyar gare shi: biyu masu siririyar murya, ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasa, ɗaya mai shuuu da ake mayarwa ganga, sai na biyar na ɗan guntun sautin da aka naɗa. Kowane maƙogwaro sauti ɗaya tak yake iya fitarwa a lokaci guda. Wato a aikace, muryoyi uku da ganga ɗaya ke hannunsa. Kuma ko ukun ba nasa ba ne shi kaɗai: duk sanda Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, sai ƙarar ta ari murya ɗaya, kiɗan ya ci gaba da saura. Gaba ɗaya wasan, da hotuna da kiɗa da komai, kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau da yawa.

Shi Kondo ya faɗa cewa kiɗan farko da ya yi wa wasan ya yi sanyi da yawa, bai dace da gudu da tsallen Mario ba, sai ya watsar ya sake. A hirarrakinsa kuma ya ambaci irin abin da kunnensa ya sha: ƙungiyar T-Square, da wani mabushin saksofon mai suna Sadao Watanabe. A nan labarin ya fara daɗi, don su waɗannan mutanen jazz ne.

Me ya kai jazz Japan? Shi jazz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya tsiro a New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ya isa Japan tun shekarun 1920, ya shiga gidajen rawa na Osaka da Kobe. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta tsangwame shi a matsayin kiɗan abokan gaba. Bayan 1945, da sojojin Amurka suka mamaye ƙasar, kulob ɗinsu na buƙatar makaɗa, samarin Japan suka samu abin yi, suka kuma koyi sana'ar. Shagunan shan gahawa da ba abin da ake yi sai sauraren faifan jazz suka yawaita. A 1961 babban makaɗin ganga Art Blakey ya zagaya ƙasar, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Shi Watanabe ya tafi makarantar kiɗa ta Berklee a Boston a 1962, ya dawo ya zama uba a fagen. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, ƙungiyoyi irin su Casiopea da T-Square sun gauraya jazz da kayan lantarki da kiɗan Latin Amurka, shi ne abin da matasan Japan ke ji a rediyo da tallace-tallace. A cikin wannan ruwan aka yi wa tsarar su Kondo wanka.

Saboda haka in ka kasa kunne da kyau ga kiɗan Mario, za ka ji yadda amon ke faɗowa a gefen bugu maimakon a kansa, da yadda gangar ke ɗan ɗingishi mai daɗi. Wannan ba halin inji ba ne, gadon jazz ne da kiɗan Latin, aka matse shi har ya shiga cikin kaset.

To yanzu ɗaya ɓangaren. Masu cewa bai kamata a ɓata jazz da kiɗan yara ba, ina ga ba su bi tarihinsa ba. Tun asali jazz ba ya ƙyamar kayan kasuwa. Mafi yawan waƙoƙin da masu jazz ke ɗauka a matsayin karatun dole, daga wasannin dandamali na Broadway da fina-finai aka tsinto su. Misali mafi shahara shi ne John Coltrane. A 1959 aka fara nuna wasan The Sound of Music, a ciki akwai wata 'yar waƙa mai sauƙi, My Favorite Things. Coltrane ya ɗauke ta ya busa da ƙaramin saksofon, ya ja ta kusan minti 14, faifan ya fito a 1961. Yau ana karantar da wannan busar a makarantun kiɗa.

Akwai ma wanda ya fi kusa da mu. Yusef Lateef, mabushin saksofon da sarewa, Ba'amurke Musulmi, a 1961 ya ɗauki kiɗan soyayya na fim ɗin Spartacus ya mayar da shi jazz. Wannan bawan Allah ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa a 1987. Ka ga, a daidai shekarun da Kondo ke Kyoto yana cusa jazz a cikin inji, wani gwanin jazz yana Samaru yana koyon busar makiyaya. Ba su san da juna ba, amma ɗabi'ar ɗaya ce: duk inda ka ji kari mai kyau, ɗauko shi ka ga me zai iya zama.

Fitowar kiɗan gem daga cikin inji ta fara ne a Japan. A watan Agustan 1987 Koichi Sugiyama ya jagoranci makaɗa suka yi kiɗan wasan Dragon Quest a zauren Suntory da ke Tokyo, gaban jama'a. Kamfanoni suka shiga fitar da faifan kiɗan wasanninsu da kayan kiɗa na gaske. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da yaran 1985 suka girma, wasunsu suka shiga makarantun kiɗa, YouTube kuma ya zo a 2005. Carlos Eiene, wani matashi Ba'amurke, ya yi suna da busa kiɗan Pokémon da Zelda da saksofon daga ɗakinsa. A Sydney ta Ostareliya aka kafa ƙungiyar The Consouls. Norihiko Hibino, wanda ya yi wa wasannin Metal Gear Solid kiɗa kuma shi kansa mabushin saksofon ne, ya haɗu da wani mai fiyano suka riƙa fitar da kiɗan gem a sanyaye, don masu neman barci. Ita ma Nintendo ta biyo sahu: a Mario Kart 8 na 2014 makaɗa na gaske ta tara, kuma busar da Kazuki Katsuta ya yi a ɗaya daga cikin filayen tseren ta zama abin da ɗaliban saksofon ke gwada ƙwanjinsu da ita a intanet.

Sai 2022. Ƙungiyar The 8-Bit Big Band ta New York, wadda Charlie Rosen ya kafa, ta ci kyautar Grammy ta gwanintar sake tsara kiɗa. Da me? Da Meta Knight's Revenge, kiɗan wani wasa na 1996 mai suna Kirby Super Star, wanda Rosen da Jake Silverman suka yi wa sabon zubi. Ba rukunin gem aka ware musu ba, da sauran gwanaye suka kara. A 2023 Grammy ta buɗe wa kiɗan gem rukuninsa, kuma a shekarar ce Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kiɗan Mario cikin jerin sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi. Shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Me ya sa saksofon ya fi dacewa da wannan aiki? Na ga dalili uku. Na farko, shi ma sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, kamar algaita, kamar maƙogwaron Famicom. Babbar ƙungiyar jazz kan jera masu saksofon biyar, daga mai siririyar murya zuwa mai kauri, don haka raba musu muryoyin injin ba wuya. Na biyu, kiɗan gem gajere ne mai zagayowa, ya je ƙarshe ya dawo farko har ka gama matakin. Haka jazz yake tafiya: a busa karin sau ɗaya kowa ya gane shi, sannan a yi ta zagaya ginshiƙinsa, kowane makaɗi na fito da nasa daga ka, a ƙarshe a dawo gida. Na uku, wanda inji ya ba murya uku kacal ba shi da inda zai ɓuya. In karin bai yi daɗi ba, ba wani ado da zai rufa masa asiri. Shi ya sa waɗanda suka rayu har yau masu ƙashi ne, suna ɗaukar nauyin duk abin da aka ɗora musu. Abin da injin ya rasa shi ne numfashi: ja da sassautawa, ɗan rawar murya, shaƙewa. Wannan ƙahon tagulla da Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, aikinsa ke nan.

Ba na cewa duk abin da ke intanet na kirki ne. Da yawa tallar kewar yarinta ce kawai, a ɗora busa mai laushi a kan tsohon kari a tara masu kallo. Na kirkin za ka gane shi: sai ka ji wani abu a cikin kiɗan da ka sani shekara talatin amma ba ka taɓa lura da shi ba.

Yanzu abokina, ga inda abin ya taɓa ni. Kaset ɗinmu na jabu ba ya ɗauke da sunan kowa. Ko a na asalin ma, kamfanonin Japan na wancan zamani sukan ɓoye ma'aikatansu da laƙabi, wai kada wani kamfani ya ɗauke su. Manami Matsumae da ta yi kiɗan Mega Man a 1987, da Yoko Shimomura da ta yi mafi yawan kiɗan Street Fighter II a 1991, duk da laƙabi aka rubuta su. Mu da muka ƙarar da kuɗin tara a gidan gem muna dambe da Ryu da Ken, wa ya san mace ce ta tsara kiɗan? Sunayen nan sun fito fili ne saboda wasu sun ƙi yarda cewa abin yara ne. Suka bi diddigi, suka yi hira da masu shi, suka rubuta kiɗan a takarda sauti bayan sauti, suka sake busa shi, suka kuma ambaci mai shi.

Mu fa? Kiɗan buɗe shirye-shiryen rediyo da muka tashi da shi, da na wasannin kwaikwayon talabijin, da kiɗan fiyano na fina-finan Hausa na farko, wa ya tsara su? Ina kaset ɗin asali? Nawa ne suka ruɓe a cikin kwali? Mun iya rera su har gobe, amma a tambaye mu sunan mai aikin sai mu hau sosa ƙeya. Wasunsu suna raye, a unguwanninmu suke, ba wanda ya taɓa zama da su da rakoda.

Wanda ke da data, ya saurari kiɗan Mario na 1985 tukuna, sannan ya nemo na masu saksofon ya kwatanta. In kuma ka san sunan wanda ya tsara wani kiɗan rediyo ko na fim da muka tashi da shi, don Allah rubuta mana a ƙasa, da garin da yake. Ni zan tattara.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.