Unguwar da ta tsufa tare da masu ita

'Yan uwa marubuta, wannan makon Japan muka nufa.

A 1971 aka buɗe Tama New Town a tuddan yammacin Tokyo, domin matasan ma'aikata da iyalansu. Aka jera benaye masu hawa biyar babu lifta, don a lokacin gwiwa na da ƙarfi. A 1970 masu shekara 65 zuwa sama kashi 7 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar. A 1994 sun kai kashi 14, yau sun doshi 30.

'Ya'yan unguwar suka girma suka watse. Aka rufe makarantu, shaguna suka mutu, tsohuwar da ke hawa na biyar sai ta yi shawara kafin ta sauko cefane.

Dole ƙasar ta sake lale. A 1973 jiragen ƙasa suka ware wa tsofaffi kujeru. A 2000 aka fara inshorar kula da su. A 2011 kamfanin Unicharm ya fi cinikin ƙunzugun manya a kan na jarirai.

Mun saba rubuta labarin amarya ranar tarewa. Mu gwada bin ta shekara hamsin gaba, mu ga yadda take hawa matakalar nan.