Asalin Kalma: Salama

Salama ta shigo Hausa daga Larabci, daga tushen nan mai baƙaƙe uku, s-l-m, wanda ya haifi sallama da Musulunci da sunan Salamatu. A Ibrananci 'yar'uwarta ita ce shalom, a Aramiyanci kuma, harshen da Yesu ya yi magana da shi, shlama. Ma'anar tushen ta wuce rashin faɗa. Tana nufin abu ya kasance cikakke, ba tsaga, ba giɓi.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin su Likita Miller na Zariya, kalmar ta samu gindin zama a bakin Kiristocin Arewa. A ganina ta dace ƙwarai, fiye da zaman lafiya ko kwanciyar hankali. Zaman lafiya na gari ne, kwanciyar hankali kuwa takan tashi da zarar labari marar daɗi ya iso. Salamar da mai bi yake nufi kyauta ce daga Almasihu, tana iya zama a zuciya ko da gida na cikin makoki. Je ka wajen jana'iza a Jos ko Kafanchan, ka ga matan zumunta sanye da anko, hawaye na zuba, suna waƙa. Begen sama ne ke riƙe da su, don sun gaskata mamacin ya tafi gida.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ma ta fassara Salem, garin sarki Malkisadik, da salama, masu wa'azi kuma kan haɗa kalmar da Sabuwar Urushalima ta littafin Ru'ya ta Yohanna.