Tarihin Auna Rikiɗar Niyutirino a Tashoshin Nukiliya, 1956–2012

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa tarihin auna rikiɗar niyutirino ya ta'allaƙa ne a kan abu guda, watau nisan da ke tsakanin tukunyar nukiliya da na'urar awo.

Niyutirino ƙwayar halitta ce da ke ratsa dutse da ƙarfe kusan ba tare da barin alama ba, kuma iri uku ce. Tukunyar nukiliya tana fitar da kishiyar iri ɗaya ne kawai, wadda ake kira antiniyutirino na lantaron. Da ita ne Frederick Reines da Clyde Cowan suka tabbatar da samuwar ƙwayar a 1956, a tashar Savannah River ta Amurka. Shekara guda bayan haka Bruno Pontecorvo ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar kan rikiɗa a cikin tafiyarta. Muhimmancin batun kuwa shi ne, rikiɗa ba ta yiwuwa sai ƙwayar tana da nauyi, alhali an daɗe ana ɗaukar ba ta da shi.

Dabarar awon ita ce ƙidaya. Na'urar ba ta ganin kowane iri sai na lantaron, saboda haka duk wadda ta rikiɗa za ta ɓace daga lissafi. A ƙarshen shekarun 1990 an yi wannan ƙidaya a Chooz ta Faransa da Palo Verde ta Amurka, a nisan kimanin kilomita 1, ba a ga giɓi ba. Sai manazartan KamLAND na Japan suka ja da baya zuwa kimanin kilomita 180 daga tashoshin ƙasar. A 2002 suka ba da sanarwar samun kusan kashi 61 cikin 100 na adadin da aka zata.

Daɗa sai aka koma gajeren zango da sabuwar dabara. A Daya Bay ta ƙasar Sin an ajiye na'urori iri ɗaya, wasu kusa da tukwanen, wasu a nisan da bai kai kilomita 2 ba, aka kwatanta ƙidayarsu. A 2012 aka sami giɓin kimanin kashi 6 cikin 100, wanda ya fi ƙarfin ganin na'urar Chooz. Gwajin RENO na Koriya ta Kudu ya tabbatar da shi a shekarar.

A taƙaice, muna ganin rashin samun giɓi a Chooz bai zama asara ba, domin shi ne ya nuna wa na baya irin kaifin awon da ake bukata.