Ogan Ɗin Italiya da Tarihin Kiɗan Gwaji a Yamai da Kano

A al'adar garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo, kamar yadda yake a sauran sassan ƙasar Hausa, kiɗa bai cika tsayawa da ƙafarsa ba, domin kowane kayan kiɗa yana da ubangida da kuma aikin da aka ajiye shi dominsa: tambari da kakaki da algaita na fada ne, gangar noma ta manoma ce a lokacin gayya, kalangu kuwa an fi danganta shi da mahauta, sannan a bisa dukkansu akwai muryar mawaƙi wadda ita ce jama'a ke saurare. Wannan tsari ne ya sa kiɗan gwaji, wato wanda makaɗi ke haɗa salo daban-daban don neman sabon sauti ba don yabon wani ba, ya daɗe bai samu gurbi ba a wannan yanki.

A Italiya irin wannan kiɗa ya bunƙasa a shekarun 1970, lokacin da matasan makaɗa suka riƙa cuɗanya rok, kiɗan jita mai lantarki da ganguna, da jaz, salon baƙaƙen fatar Amurka wanda makaɗi ke ƙirƙirar sautinsa nan take. Fitacciyar ƙungiya a wannan fage ita ce Area, wadda aka kafa a Milan a 1972, ta kuma fitar da faifanta na farko a 1973 a ƙarƙashin kamfanin Cramps. Mawaƙinta Demetrio Stratos, ɗan asalin Girka da aka haifa a Iskandariyya ta Masar a 1945, ya ɗauki muryarsa tamkar kayan kiɗa yana gwada iyakar abin da maƙogwaro zai iya fitarwa, har rasuwarsa a 1979. Waƙar da ta buɗe faifan Area na farko ta fara ne da karatun baitoci cikin Larabci, ta kuma taɓo batun Falasɗinawa, abin da ke nuna cewa gwajin nasu yana tafe da siyasa, kuma yana da kamfanonin faifai da bukukuwan matasa da suka riƙe shi.

Abin da ya fi kusa da wannan a yankin Sahel ya faru ne a Yamai, kuma wani ikon Allah, da kayan kiɗan Italiya aka yi shi. Mamman Sani Abdoulaye, wanda ya yi koyarwa ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wani ogan ƙirar kamfanin Orla, wato nau'in fiyano mai aiki da lantarki, daga hannun wani wakilin Ruwanda da suka haɗu a wurin taro. Da wannan na'ura ya riƙa sake fasalin karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, ciki har da na Fulani Woɗaɓe da na Buzaye, yana maimaita gajeren kari a hankali, yana ɗora wani a kansa, galibi ba tare da ko kalma ɗaya ba. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa, amma kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, don haka kaset ɗin bai shiga kasuwa yadda ya kamata ba. Inda kiɗan ya samu mafaka shi ne tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, inda aka yi shekaru ana sa shi don cike giɓi, har jama'a suka haddace sautin alhali da yawansu ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai, daga nan Mamman Sani ya fara zagayen wasa a Turai.

A ɓangaren Nijeriya hanyar ta bambanta. Bala Miller ya haɗa kayan busa na Turawa da waƙoƙin Hausa a Kaduna tun a shekarun 1970, sannan da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyo, yana kwaikwayon sautin kalangu da sarewa da kuma karin finafinan Indiya. Cuɗanya ce ta gaske, kuma ta kai ƙauyukan da ogan ɗin Yamai bai taɓa kaiwa ba, sai dai na'urar ta koma irin matsayin da ɗan amshi ke da shi a gaban mawaƙi, wato rakiya kawai.

Saboda haka bambancin Milan da Kano bai shafi basira ko kayan aiki ba, ya shafi wanda ke biyan makaɗi: a can mai sayen faifai da tikiti ne, a nan kuwa mai biki ne ko ɗan siyasa ko mai shirya fim, kuma kowannensu baiti yake saye ba sauti ba.