Izinin Majiyyaci da Amanar Bincike: Bahasi a kan Abin da Kano Ta Gani

Abubakar ar-Razi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya bar labari a cikin littafinsa al-Hawi cewa wata rana ya sami jama'ar majiyyata masu nauyin kai da ciwon wuya, alamun da masana na yanzu suke ganin sun yi kama da na sanƙarau, sai ya yi wa wani kashi daga cikinsu tsagar fitar da jini, ya bar wani kashin da gangan ba tare da ya taɓa su ba, domin ya kwatanta ƙarshen waɗannan da na waɗancan, ya gina ra'ayinsa a kan hujja. Tsagar jini ba ta warkar da sanƙarau, wannan kam zamani ya riga ya tabbatar. Amma hanyar da ya bi, wato gwada kashi biyu na marasa lafiya kafin a yanke hukunci a kan magani, ita ce har gobe ginshiƙin tahƙiƙin likitanci a duniya baki ɗaya. Saboda haka wanda duk ya ce gwajin magani a jikin ɗan Adam baƙon al'amari ne da Turawa suka ƙago, to, bai san tarihin malamanmu ba. Mas'alar da ta fi wuya, wadda ilimi ya daɗe bai warware ba, ita ce haƙƙin mutumin da ake gwajin a jikinsa: wa ya tambaye shi, me aka gaya masa, kuma da ya ce a'a, me zai same shi?

Babu inda wannan tambaya ta tsaya wa mutane a rai kamar birnin Kano. A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu yara. Ana cikin wannan hali ne, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya cika ya batse har ana kwantar da majiyyata a ƙasa, sai wata tawaga ta kamfanin Pfizer na Amurka ta iso da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumar magunguna ta ƙasarsu ba ta riga ta ba shi lasisi ba. Aka zaɓi yara kimanin 200, aka ba rabinsu Trovan, aka ba ɗaya rabin ceftriaxone, wanda shi sananne ne wajen maganin wannan cuta. Yara 11 suka rasu, biyar a kashin farko, shida a na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, irin abin da sanƙarau kan bari a bayansa. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara kayanta ta koma gida, annoba kuwa ba ta ƙare ba.

Kamfanin ya daɗe yana kafa hujja da waɗannan alƙaluma, yana cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma adadin waɗanda suka rasu a hannunsa bai kai abin da aka saba gani a annoba irin wannan ba, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da yawa sun musa, sun ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kawai ake ba 'ya'yansu. An kuma yi zargin cewa an rage ƙimar ceftriaxone da aka ba kashi na biyu ƙasa da abin da aka ƙayyade. Abin da ya fi kowanne muni ya fito ne bayan jaridar Washington Post ta bi diddigin maganar a ƙarshen shekarar 2000: takardar amincewar kwamitin ɗa'a, wadda aka nuna a matsayin shaidar cewa wata hukumar asibiti ta duba gwajin kafin a fara, an rubuta ta ne daga baya aka sa mata tsohon kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai na farko suka karɓi diyya.

Ni a ganina, jayayya a kan biyar da shida ta janye hankalin mutane daga asalin mas'alar. A ƙaddara cewa Trovan ya warkar da dukan yaran nan har ba a rasa ko ɗaya ba. Wannan ba zai halatta abin da aka yi ba idan har ba a nemi izini na haƙiƙa ba, domin sakamako mai kyau ba ya gyara yarjejeniyar da aka ƙulla a kan jahilcin ɗaya ɓangaren. Fuƙaha'unmu sun gama wannan magana tun da daɗewa a babin ciniki, inda suka sharɗanta yardar juna, suka ɓata cinikin da ke da garari ko jahilcin abin da ake saya. Idan kuwa haka shari'a ta tsananta a kan buhun gero, yaya ke nan a kan jikin yaro? A mazhabar Malikiyya ma, kamar yadda ɗaliban Muhtasar na Halil suka sani, likita yana ɗaukar lamuni idan ya yi aiki da jahilci, ko ya yi sakaci, ko ya yi magani ba tare da izini abin la'akari ba. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne wurin tsayawa. Uwar da ta goyo ɗanta daga ƙauye, wuyansa a sandare, numfashinsa na sama-sama, idan mai farar riga ya ce mata a kawo shi nan, za ta kai shi, kuma ɗaga kan da ta yi ba izini ba ne abin la'akari, sai fa idan an gaya mata ƙarara cewa wannan magani ba a gama saninsa ba, kuma ga wani sananne a kusa da za a ba ɗanta ko da ta ƙi. Irin wannan maganin kuwa yana nan a harabar asibitin, domin ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières tana can tana yi wa majiyyata magani kyauta a daidai wannan lokaci. Larura tana sauƙaƙa wa majiyyaci hukunci, amma shi mai bincike nauyi take ƙara masa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin wannan labari ya wuce shari'ar kamfani ɗaya da iyalai 200. A 2003, lokacin da duniya ta kusa kawar da shan inna, jita-jita ta bazu cewa an gurɓata ɗigon rigakafin da abin da ke hana haihuwa, waɗansu shugabannin addini suka ɗauki maganar, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafi, ta Kano ta yi kusan shekara guda a kan haka. Zargin ba shi da tushe, kuma wajibi ne a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba, domin yaran da suka shanye saboda shi suna nan da ransu, suna jan jiki a titunanmu. Ƙwayar cutar ta fita daga nan ta kai wajen ƙasashe 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya, kuma a 2006 Nijeriya kaɗai ta ƙirga fiye da yara 1,100 da cutar ta kama. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, talakawa masu neman abin sawa a baka. Amma wanda ya taƙaita dukan wannan da cewa jahilci ne na mutanen Arewa, shi ma ya zalunci gaskiya, domin masu ƙin ɗigon nan sun riƙa ambaton 1996 da sunanta, kuma sun riƙa tambaya, tambayar da ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba, dalilin da ya sa ake bin su gida gida da maganin cuta ɗaya kyauta alhali idan zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ta kwantar da yaro sai uba ya sayar da akuya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda aka warware rikicin ma darasi ne ga masu tsara manufofin lafiya. Ba yawan sanarwa a rediyo ba ne ya juyo da mutane. Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi da jama'a suka natsu da ita, daga baya kuma Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa suka ɗauki aikin a wuyansu, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, aka riƙa haɗa ɗigon da duba sauran cututtukan yara. A Agustan 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Amanar da 'yan makonni suka rusa, sai da aka yi shekaru ana gina ta, da rayuka da dukiya mai yawa.

Kada kuwa a fahimci cewa maslahar mutanenmu ita ce a rufe ƙofa ga bincike. Sanƙarau ɗin nan da kansa ya ba da hujjar akasin haka. Rigakafin MenAfriVac, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka jagoranta, kamfanin Serum na Indiya ya haɗa, an faro shi ne da tambayar jami'an lafiya na Afirka abin da ƙasashensu za su iya saya, aka tsayar da farashi ƙasa da rabin dala, aka gwada shi a Mali da Gambiya da Senegal da Gana tare da likitocin waɗannan ƙasashe. A ƙarshen 2010 aka fara yin sa a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo a 2011, kuma nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi ɓarnar 1996, kusan ya ɓace daga wannan yanki. Da wani nau'in ya yi annoba a Nijar a 2015, sannan ya kashe fiye da mutum 1,000 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, bincike ne kuma ya kawo sabon rigakafi mai kare nau'i biyar, wanda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da shi a 2024. Shi ma a jikin 'yan Afirka aka gwada shi, sai dai da saninsu.

Dokoki a yau ba su yi ƙaranci ba. Nijeriya ta fitar da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya a 2007, dokar lafiya ta 2014 ta ƙarfafa kwamitin ƙasa mai kula da ita, kuma Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya suka fara shimfiɗawa a 1964, an sake bitar ta a 2024 aka ƙara nanata cewa a shawarci al'umma kafin bincike da lokacinsa da bayansa. Abin da nake tsoro shi ne tazarar da ke tsakanin takarda da ɗakin jinya. Kwamitin ɗa'a da ba shi da kuɗin zuwa ya ga abin da ake yi a karkara, iyakarsa ya karanta abin da aka rubuto masa. Takardar neman izini mai shafi goma, wadda lauyoyi suka tsara da Turanci aka juya ta zuwa wata Hausa da ba mai magana da ita, ba ta sanar da kowa kome, ko da an dangwala mata yatsa. Ya kamata a karanta wa mutum bayanin da bakin wanda ya yarda da shi, a gaban shaida wanda ba ya cin albashin masu binciken, a rubuta shi da boko da ajami, a kuma nemi yardar uwa da kanta, kada a wadatu da ta mai unguwa.

Sai dai tushen raunin ya fi wannan zurfi, domin ƙasar da ba ta biyan kuɗin bincikenta da wuya ta iya gindaya sharaɗi ga mai biya. A Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayyar Nijeriya kuwa yawancin shekaru ba ta kai rabin haka ba. Alkawarin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa ga bincike shi ma yana nan a rubuce. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas, wanda ya taɓa yin na agana da na shawara, ya tsaya tun 1991. Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta fitar daga ilimin wani mai maganin gargajiya, an yi masa rajistar mallaka, sannan samar da shi ya yi ta tangal-tangal saboda rikicin kuɗi, a ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, wato USAID, ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, aka dakatar da waɗansu gwaje-gwaje a Afirka suna tsakiya, mutanen da suka ba da jikinsu bisa alkawarin kulawa suka wayi gari ba mai duba su. Wannan ma cin amanar majiyyaci ne, ko da ba wanda ya yi musu ƙarya ranar da suka shiga.

Malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wanda idan al'umma duka ta bar shi, laifin yana kan kowa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya sami lokacin rubuta risaloli a kan ciwon ido da basir. A wannan zamani sauke farillar yana nufin jihohin da sanƙarau ke ziyarta kowace bazara su sa layin bincike a kasafinsu, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su sami ɗakunan gwaji da za su iya tantance magani da kansu, a kuma riƙe matasan likitocin da ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da albashi da kayan aiki. Da a 2003 akwai ɗakin gwaji a Arewa da jama'a da malamai suka riga suka amince da shi, da maganar gurɓata rigakafi ta mutu cikin makonni, ba sai an aika tawagogi ƙasashen waje neman wanda zai duba kwalbar ba.